Bindigar Babana da Gwiwar Ɗan Taubashina

Ni ba mai yawan godiya ba ne, wanda ya zauna da ni ya sani. Na baro garinmu da ƙarfina na zo Madina sauke kwalayen dabino a kasuwa, yau ga shi baya ya sunkuya, gemu ya yi furfura, in ka tambaye ni abin da na tara sai in nuna maka man zafi. Amma akwai mutum ɗaya da ya wajaba in faɗi alherinsa tun ina numfashi. Ba zan iya faɗa masa a fuska ba, don zai yi mini dariya har ya faɗi ƙasa. Shi ya sa na rubuta.

Taubashina ne, ɗan gwaggona. Gari ɗaya muka fito, kuma ɗaki ɗaya muke haya a saman wani tsohon gida a unguwar Harra ta Yamma. Shi yana aiki a wani otal kusa da Harami, a ɗakin ajiyar kayan baƙi. Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, don haka a wasanmu na gado ni ne ubangida, shi ne bawa. A nan Madina ba a ɗaga murya da wannan kalma, 'yan uwanmu haifaffun nan ba sa son jin ta ko da wasa, kuma suna da dalilinsu. Sai na bari mun turo ƙofa sannan in ce, "Bawa, ina shayina?"

Shi kuma ya ce, "Ɓarawon tuwo, hannunka ya karye ne?"

Wai tun muna yara na saci tuwon gwaggo a kwano. Ƙarya yake yi, ɗanɗanawa na yi. Da wannan zage-zagen muka rayu a ƙasar mutane. Wanda bai yi zaman baƙunta ba ba zai gane ba: ka yini ana kiran ka da "kai, zo nan" cikin harshen da ba naka ba, ka dawo ɗaki ka samu wanda zai zage ka da Hausar unguwarku, ai ka samu magani.

Babana maharbi ne. Da ya rasu bai bar mini gona mai kyau ba, sai bindigarsa, adaka, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Gindinta ya yi sulɓi saboda gumin hannunsa. Da zan taho na bar ta wurin ƙanena, na ce ya rataye ta a ɗakinsa ya kula da ita. A lokacin ba wanda yake tunanin ɗan Adam za a harba da ita. Gada ce da zabon daji.

Sai ɓarayin daji suka fara shigo wa garuruwanmu. Wata rana da sassafe suka zo kora shanu, ta unguwar su taubashina suka ɓullo. Maza suka laɓe bayan katanga da adakokinsu suka yi ta sakin wuta. Adaka ba ta da saiti, amma tana da ƙara da hayaƙi. Ɓarayin suka zaci jama'a ce mai yawa, suka juya. Bindigar babana tana cikin waɗanda suka yi magana ran nan. Da labari ya iso mu, taubashina da kansa ya ce, "Yau dai gidanku ya yi abin kirki sau ɗaya."

Daga nan samari suka ɗauki bindiga kamar sanda. A kasuwa da ita, a wurin biki da ita, a gidan kallon ƙwallo da ita. Yaron da ko akuya bai taɓa yankawa ba sai ka ji wai yana yawo da adaka a kafaɗa yana ɗaure fuska. Ƙanena yana cikinsu, ga shi da zuciya kamar garwashi. Wata ranar kasuwa awakin wani suka shiga gonarsa suka cinye wake. Suka haɗu da mai awakin a bakin rumfar teloli, bindiga a kafaɗar ƙanena, cacar baki ta tashi. Babban ɗan taubashina tela ne, magidanci mai 'ya'ya, a rumfar yake ɗinki. Ya taso raba su. Aka yi kokawa da bindigar, ta tashi, ta same shi a gwiwa.

Muna cin shinkafa a faranti ɗaya bayan azahar aka kira taubashina. Ya saurara, ya yi salati, ya ajiye wayar a hankali. Ya tashi ya wanke hannu. Sannan ya dube ni ya ce, "Bindigarka ce."

Ba a yanke ƙafar ba, alhamdu lillahi. Amma gwiwar ta sandare kamar taɓarya, ba ta lanƙwasuwa. Tela kuwa da ƙafa yake taka keke.

Na jira taubashina ya zage ni, zagi na gaske. Da ya yi da na samu sauƙi. Bai yi ba. Washegari da safe ya ajiye mini shayi ya ce, "Alhaji, ga shayi." Ni! Mutumin da tun muna tsirara bai taɓa kirana da sunan mutunci ba. In ya dafa abinci sai ya zuba mini nawa a kwano dabam ya rufe, ya ce, "Alhaji, bismilla." In zai fita ya ce, "Alhaji, sai na dawo." Duk Alhajin da ya faɗa sai in ji kamar an mare ni da takalmi. Na gwada sau ɗaya na ce, "Bawa, miƙo mini gishiri." Ya miƙo da hannu biyu kamar ɗan aike. Ban sake gwadawa ba.

A can gida kuma gari ya rabu biyu. Mai gari da liman da wasu dattawa suka ce a tattara bindigogin nan duka a kai wa hukuma, kafin a wayi gari mun kashe junanmu ɓarayi ba su ko iso ba. Samari da maharba suka ce wanda ya isa ya zo ya karɓa. Aka yi ta jifan juna da saƙon murya a guruf ɗin 'yan garinmu, har da masu tone-tonen asali. Ƙarshe mai gari ya yi magana ya ce akwai mutum biyu a Madina, ɗaya shi ne mai bindigar, ɗaya shi ne uban wanda aka harba. In su biyun suka haɗa baki a kan magana ɗaya, gari zai bi. Mutanenmu haka suke, duk wanda yake zaune a Madina malami ne a wurinsu, ko da kwali yake ɗauka.

Ni ban tsaya haɗa baki da kowa ba. Na danna waya na ce: duk wanda ya kai bindigar babana ofishin hukuma, ya haɗa da matata da 'ya'yana mata ya kai musu su riƙe, tunda su ne za su tsare su. Samari suka yi ta yi mini kirari. Taubashina yana zaune a ɗakin lokacin da na faɗa. Bai ɗago kai ba.

Sai bayan kwanaki, muna shanya wanki a saman bene bayan la'asar, ya buɗe baki. Ashe shi yana bayan masu cewa a kai wa hukuma.

"Alhaji, shekarun da ka yi a garin nan, ka taɓa ganin wani da bindiga a titi in ba askar mai kaki ba?"

Na ce ban gani ba.

"Amma kana barci a saman benen nan baki buɗe, ƙofa ba sakata."

Na ce, "A nan in ka kira askarawa, kafin shayinka ya huce sun iso. A can fa? Ranar da ɓarayi suka zo unguwarku wa ya zo? Sai da aka gama komai suka iso da mota suna tambayar wa ya ga abin da ya faru. Bindigar da kake son a kai musu ita ce ta hana a kore shanunka."

Ya ce, "Ita ce kuma ta karya mini ɗa. Ɓarawo bai taɓa shi ba. Ɗan uwansa ne ya harbe shi, da rana tsaka, a kan wake."

"Tsautsayi ne."

"Tsautsayin da ake rataya wa a kafaɗa a je kasuwa da shi?"

Na ce ina da 'ya'ya mata a gidan da katangarsa ta kara ce. Ya ce shi ma yana da jikoki da ubansu ba ya iya tsugunawa. Kowa ya faɗi gaskiyarsa, kuma gaskiyar wani ba ta kashe ta wani ba. Ya ɗauki bokitinsa ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Alhaji," ya sauka.

Na tafi neman wanda zai goya mini baya. Mai gidan da muke haya dattijo ne ɗan ƙasa, haifaffen Madina, kakansa ne ya zo daga ƙasar Hausa a ƙafa ya zauna. Hausarsa rabi Larabci ce. Na san yana da bindigar harbin tsuntsu da yake fita da ita sahara lokacin sanyi. Na same shi a ƙofar gida yana shan shayi mai na'ana'a, na zayyana masa komai, na ce, "Baba, kai ma ai kana da ita. Za ka yarda a karɓe maka?"

Ya ce, "La, la. Tawa ce, ya waladi, ba mai karɓa." Na ji daɗi. Sai ya ja ni ciki ya nuna mini akwatin ƙarfe a jikin bango, a kulle. Ya ce hukuma ta san da ita, yana da tasrihi, wato takardar izini, kuma harsashi a wani wuri dabam yake ajiye shi. Ko 'ya'yansa ba su san inda makulli yake ba.

Na ce, "Baba, ku hukumarku tana zuwa in an kira ta."

Ya ce, "Sahih. Wannan kuma ba ni da jawabinsa." Ya kurɓi shayi ya dube ni ta saman tabarau. "Amma ni abin da na lura, tun da daɗewa ban ji ɗan uwanka ya ce maka ɓarawon tuwo ba. Kuna zaton ba na ji? Rufin nan siriri ne. Wallahi har na fara kewa."

Na fita ban samu abin da na je nema ba.

Ana nan wata rana taubashina ya manta maganinsa na hawan jini a kan taga. Na ce bari in kai masa, ba don komai ba, kada ya faɗi a ce ni ne. Na same shi a ɗakin ajiyar otal ɗin, wani lungu ne a ƙasa cike da jakunkuna da jarkokin zamzam. Ina shiga wani Alhaji Bahaushe ɗan Umara ya faɗo yana huci. Ya yi faɗa da shugaban ayarinsu a kan ɗaki. Ya ce a fito masa da jakarsa yanzun nan, ya bar ayarin, zai nemi mota ya tafi Makka shi kaɗai, ya ga wanda zai hana shi. Dattijo ne, ko kalmar Larabci ɗaya ba ya ji, da ya fita da ya ɓata.

Taubashina ya miƙe ya ce, "Sannu da zuwa, Alhaji. Ina gajiya? Ya ibada?"

"Jakata na ce!"

"Yanzu kuwa, ranka ya daɗe. Zauna nan, ƙafa ta huta. Ya aka baro mutanen gida? Daga wane gari?"

Mutum ko yana fushi ba ya iya ƙin amsa gaisuwa, kunya ba ta barin sa. Ya amsa a daƙile. Taubashina ya zuba masa zamzam mai sanyi, ya hau laluben makulli a aljihun dama, ya koma na hagu, alhali ina ganin makullin rataye a wuyansa. Ya tambaye shi damina, ya tambaye shi ko ya samu shiga Rauda a Masallacin Annabi. Kafin jaka ta fito, Alhajin ya kwashe labarin faɗan duka ya faɗa, har ya fara cewa shi ma shugaban ayarin yaron kirki ne, gajiya ce. Da aka ajiye jakar a gabansa ya dube ta ya ce, "Kai, mayar da ita kawai. Bari in je in yi alwala."

Da ya fita na ce, "Ka wahalar da bawan Allah."

Taubashina ya ce, "Kayansa ne, ban hana shi ba. Na dai sa ya gaisa kafin ya ɗauka." Ya karɓi maganin ya juya shi a hannu. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Da ƙanenka sai da ya taka zuwa wani gida, ya yi sallama, ya tambayi lafiyar iyali kafin ya ɗauki bindiga, da ɗana yana taka kekensa yau."

Na juya zan fita. Ya ce in jira shi ya tashi aiki.

A harabar Masallaci muka zauna, ƙarƙashin manyan laimomin nan, mutane suna ta wucewa. Ya ce ya daɗe yana juya abin a ransa. Ya ce maganata ta 'ya'ya mata ta tsaya masa a wuya, don shi ma ya san ba wanda zai zo in an kira. Ya janye batun kai wa hukuma. Amma bindiga ba za ta sake kwana a ɗakin mai ita ba, ba za ta je kasuwa ba, ba za ta je biki ba. A samu ɗaki ɗaya a tsakiyar gari a tara su, kowa da tasa, ba a ƙwace wa kowa ba. Mai so ya je ya yi sallama ya roƙa.

Na ce, "Ɓarayi in sun zo su ma sai su tsaya mu gama gaisawa?"

Ya ce masu gadi su karɓa kafin magariba su mayar bayan asuba. Na ce ɓarayin yanzu har da rana suna zuwa. Ya yi tunani ya ce to, in aka yi kururuwa a buɗe ƙofa ba tambaya. Na ce manoman da gonarsu take bakin daji fa? Muka yi ta ja a kan wannan har aka kira salla, muka yi, muka dawo muka ci gaba. Ƙarshe ya yarda su karɓa in za su tafi a ƙungiya, da babba a cikinsu. Shi kuma ya ce sarkin maharba da mai gari su je su shaida wa hukuma abin da ake ciki, a nema wa bindigogin takarda. Na ce wannan tona wa kai asiri ne. Ya ce mai gidanmu ma da takarda yake riƙe da tasa. Ashe tsohon ya faɗa masa na je. Na haɗiye. Ya ce ƙanena kuma ba zai sake taɓa bindiga ba, ko tawa ko ta wani. Wannan ban yi musu ba, don na riga na faɗa wa yaron abin da ya fi haka zafi.

Na ce, "To wa zai riƙe makulli? In ka ba mutanen mai gari, samari ba za su kawo ba. In ka ba samari, an koma gidan jiya."

Ya ce, "Ɗana."

Na zaci ban ji daidai ba.

Ya ce, "Ba ya gadi, ba ya zuwa gona, kullum yana gida. A sa ɗakin a jikin zaurensa. Duk wanda ya zo da zuciya a wuya sai ya gaishe shi, sai ya dubi ƙafar nan. Kuma kafin ɗan nawa ya dafa bango ya miƙe, ya ja ta zuwa ƙofa, shaiɗan ya gaji ya tafi."

Ban san lokacin da idona ya kawo ruwa ba. Mutum ya ɗauki ciwon ɗansa ya mai da shi abin da zai tsare mini gida. Na juya kai na yi kamar ina kallon tattabaru.

Muka kira ɗan nasa a waya a wurin, don ba a ɗora wa mutum kaya ba a tambaye shi ba. Ya saurari ubansa har ƙarshe. Sannan ya ce a ba ni wayar. Na karɓa. Tun abin da ya faru ban iya yi masa doguwar magana ba.

Ya ce, "Kawu, zan riƙe. Amma ka sani, taka ce zan sa can ƙarshen lungu, bayan ta kowa. In ka dawo gida kana so, sai ka gaishe ni da kyau."

Na ce, "Ɗan bawa, ni zan gaishe ka?" Bakina ne ya suɓuce. Na dubi uban da sauri. Yana kallon ƙasa, amma na ga gefen bakinsa ya motsa.

Da muka koma ɗaki muka zauna kan tabarma ɗaya don mu aika wa gari saƙo. Na danna wayar, na gyara murya na fara: "Assalamu alaikum jama'a, ni ne da Alhaji, mun zauna mun yi shawara..."

Ya fizge wayar ya ce, "Kauce, ɓarawon tuwo, wa zai saurari wannan murya kamar ta jaki da mura? Jama'a, ku yi haƙuri da shi, tun yana yaro haka yake." Ya ci gaba ya jera bayani tsaf. Bai goge farkon ba, haka ya tura. Gari duka suka ji. An ce da mai gari ya kai wurin sai ya yi dariya ya ce, to, tunda waɗannan sun koma zagin juna, magana ta ƙare.

Ba zan ce komai ya gyaru ba, ni ba mai wa'azi ba ne. Wasu sun ɓoye nasu a rumbu, kowa ya san su. Takardun hukuma wasu sun fito, wasu har yau ana cewa a dawo gobe. Ɓarayi ba su daina zuwa ba, kuma duk lokacin da waya ta yi ƙara a bakin aiki gabana sai ya faɗi. Gwiwar ma ba ta lanƙwasu ba. Amma yaron ya koma ɗinki da keken hannu a zauren, makulli a wuyansa, kuma tun daga lokacin ba a sake harbin ɗan gari da bindigar ɗan gari ba. An ce mini akwai waɗanda suka je da huci, suka zauna a benci ana gaisawa, suka tashi da ɗinkin hula.

Bindigar babana tana can ƙarshen lungu. Ni kuma ina nan ina ɗaukar kwali. Ɗazu da safe taubashina ya ajiye mini shayi ba sukari, da gangan. Na ce, "Bawa, wannan wane irin wulaƙanci ne?" Ya ce ɓarawo ba ya zaɓen abin da zai sha. Daga ƙasa muka ji tsohon mai gidanmu yana buga rufi da sandarsa yana dariya. Na shanye shayin duka, da ɗacinsa.